Itacen Tsohuwa

Likitar ta zaro abin daga leda, ta juya shi a hannu, ta kai hanci ta shinshina, ta sake juyawa. Tsawonsa bai fi tafin hannu ba, rawaya ne mai sheƙi kamar an shafa masa mai, ga gefuna biyar masu tudu da suka taso tun daga kai har gindi.

"Gaskiya ban taɓa ganinsa ba," in ji ta. "A gidanku yake?"

"A lambun gida," maigidan ya amsa. Har yanzu rigar aiki ce a jikinsa, ta kamfanin da yake tuƙa wa motar kaya, ga tabon aman yarinya a kafaɗa bai ma lura ba.

"Kamar nawa ta ci?"

Ya juyo ya dubi matarsa. Maman Takwara ta san amsar sarai. Guda ɗaya aka yanka wa yarinyar, aka cire yanka biyu, kuma yanka biyun nan suna cikin cikinta ita kanta a daidai wannan lokaci. Ta buɗe baki, ta ga idon mijinta jawur, sai ta mayar da kallo kan gadon da 'yarta take kwance da allurar ƙarin ruwa a bayan hannu.

"Ban sani ba," ta ce. "Ina kan keken ɗinki."

Ƙarya ta biyu ke nan tun safe. Abin da ya fi ba ta tsoro shi ne yadda wannan ta fi ta farko sauƙin fita.

Likitar ta ce an ɗebi jini, sakamako sai an jima. Amai da zafin jiki a yarinya 'yar shekara uku, in ji ta, abubuwa da yawa ke kawo su, ba za ta yanke hukunci ba tukuna. Amma in akwai wanda zai gano sunan wannan ɗan itace, zai taimaka mata ƙwarai. Ta mayar da shi cikin leda ta miƙo, ta wuce gado na gaba.

Gwaggo, yayar maigidan, wadda ta baro shagonta a buɗe ta garzayo, tuni ta ɗauki hotonsa da waya tana ta latse-latse. Wayar kuwa ba ta yi rowa ba. Ta kawo mata hotunan 'ya'yan itatuwa barkatai, wasu rawaya, wasu kore, har da wani da aka rubuta cewa in ba a bar shi ya nuna ba yana kashe yara. Babu wanda ya yi kama da nasu sosai, amma wannan na ƙarshen shi Gwaggo ta zaɓa ta karanta da ƙarfi, har sau biyu, har matar gadon kusa ta ɗora hannu a ka.

"Ni dama tun da abin nan ya fara fure nake jin ban yarda da shi ba," in ji Gwaggo. "Baba kuma ka san shi. In dai a kan itacen nan ne, ba ya jin kira."

Maigidan ya ƙura wa ledar ido.

Itacen yana da tarihi, kowa a gidan ya san shi. Tsohuwa, mahaifiyar maigidan, ita ta dawo daga wata doguwar tafiya da 'yan iri ƙulle a bakin mayafi. Ta ce a gidan da ta sauka aka ba ta wani abu ta sha, bakinta bai manta ba. Ta ma faɗi sunansa, amma Allah ya jiƙan Tsohuwa, sunan maganinta na kullum ma sai ta karya masa ƙafa take faɗa, don haka aka yi dariya aka wuce, ba wanda ya riƙe. Ta shuka a tsohon gwangwanin fenti, guda ɗaya ya fito, ta dasa shi a lungun lambu. Bai kai mata ƙugu ba ta rasu. A shekarar da ta biyo baya aka haifi yarinya aka sa mata sunanta, kuma tun da ba mai iya kiran sunan gatsau a gaban Tsoho, mahaifin maigidan, sai ta zama Takwara.

Tsoho kuwa, tun da ya yi ritaya, aiki biyu ya rage masa a duniya: jikarsa da itacen. Ragowar ruwan butarsa a gindin itacen yake ƙarewa. Ya kewaye shi da ƙaya saboda awakin maƙwabta, ya kai kujerarsa ƙarƙashinsa tun inuwar ba ta isa rufe gwiwarsa ba. Bana ya yi wasu 'yan furanni ƙanana masu ruwan hoda, daga nan 'ya'ya suka sauko, suna reto har a jikin manyan rassa. Maigidan ya zagaya itacen ya kafa doka: kada wanda ya kai abin nan baki sai an san ko mene ne, zai tambaya a wurin aiki. Tsoho ya ce ba komai, wanda ya jira shekaru ai mako ɗaya ba zai gagare shi ba. Makon ya wuce, ya haifi wasu, maigidan bai tambaya ba. Tsoho yakan tsince waɗanda suka faɗo, ya jera a kan katanga, ya yi ta kallo.

Yau da safe rigunan makaranta ne suka sha wa Maman Takwara kai. Mai su ta ce da rana za ta aiko a karɓa, ga hannaye ba a haɗa ba, ga maɓallai. Takwara kuma tun jiya take rigima, ta ƙi abinci, sai naniƙe wa uwar take yi. Da ta ɗaga ta daga kan tulin yadi ta ji jikinta da ɗumi. Ta ji, ba za ta ce ba ta ji ba. Ta ce a ranta bari ta ƙarasa wannan rigar tukuna, ta kora ta lambu wurin kakanta. Ba a jima ba sai ga yarinya ta dawo riƙe da ɗaya daga cikin 'ya'yan, wai Kaka ya yi barci a kujera.

"Mama, yanka."

"Ajiye. Babanki ya hana."

"Yanka."

Sai kuka, irin mai shiga tsakar kai, allura kuma ta karye a daidai lokacin. Maman Takwara ta tashi a fusace ta ɗauko wuƙa da ɗan faranti, da niyyar ta yanka mata ta yi wasa da shi kawai. Ta yanka a kwance, sai ga abin mamaki: kowane yanka ya faɗo da siffar tauraro, mai kai biyar, tsaf kamar an zana. Takwara ta haɗiye kukan ta ƙyalƙyale da dariya, dariyarta ta farko tun jiya. Uwar ta ɗauki ɗaya ta lasa, ta tauna. Ruwa-ruwa, ɗan tsami, ɗan zaƙi. Ta ƙara ɗaya. Ta jira kamar tsawon sa zare a allura, ba ta ji komai ba, sai ta tura farantin ƙarƙashin teburin keken ta ce, "Zauna nan ki ci, kada ki gaya wa kowa." Ta samu shiru, ta haɗa hannayen riga har uku.

Amai ya zo kafin azahar, jikin yarinya ya yi zafi rau, wuyanta ya langaɓe. Da maigidan ya iso, abin da ya fara gani a tsakar ɗaki shi ne rawaya-rawaya a cikin aman.

"Wa ya ba ta?"

"Tana wurin Baba a lambu," in ji Maman Takwara.

Ba ta ce Baba ya ba ta ba. Duk hanyar asibiti tana maimaita wa kanta haka, kamar zai rage wani abu. Amma tana tsaye ta ga mijinta, mutumin da ko zama ba ya yi sai mahaifinsa ya zauna, ya nufi lambu yana ɗaga murya. Ya ce tsufa ba hauka ba ne. Ya ce in itacen ya fi masa jikarsa, ya faɗa a sani. Tsoho ya miƙe da ƙyar, hularsa a karkace, barci bai gama sakinsa ba, ya dubi ɗansa, ya dubi surukarsa ta bayan kafaɗar ɗan. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ku kai ta asibiti, maganar ta jira."

Yanzu ga ta a bakin gado, tana kallon ruwa na ɗiga a roba, tana kuma sauraron cikinta a ɓoye. In guba ce ai da ta fara murɗa mata. Ko kuwa sai an jima? Ko babba ba ya ji, sai yaro? Wannan ita ce maganar da likita take buƙata, ita kuma ta zauna a kanta. Gwaggo na ta yi mata sannu, tana cewa ta daina kuka ba laifinta ba ne, kowace sannu kuwa sai ta ji ta kamar an ɗora mata dutse.

"Ba ni ledar," ta ce. "Kasuwa ba nisa. Masu kayan marmari ba za su rasa sani ba."

"Ki bar yarinya a kwance?" in ji maigidan.

"Ta samu barci, ga Gwaggo. Zama ba zai gaya mana sunansa ba."

Gaskiyar magana ita ce ba za ta iya ci gaba da zama kusa da shi ba.

Layin masu kayan marmari cike yake da ƙuda da ƙanshin abarba. Ta fara da wani mai lemo da ta saba saya a wurinsa. Ya karɓa, ya auna nauyinsa a hannu, ya ce ai wannan gwanda ce ba ta samu ruwa ba. Na kusa da shi ya ce gwandar gidan wa, wannan kokwamba ce ta Turawa. Kafin ta ankara mutum biyar sun kewaye ta, abin na yawo daga hannu zuwa hannu, kuma a cikinsu babu wanda Allah ya hore wa cewa bai sani ba. Wani ya rantse maganin hawan jini ne. Wani ya ce ya taɓa ganin akuya ta ci irinsa, ba ta kwana ba.

"Akuyar wa?" mai lemo ya tambaya.

"Ta wani ce."

"A ina?"

"Kai dai ba a gaya maka magana."

Wata dattijuwa mai ayaba ta ja ta gefe ta tambayi dalili. Da ta ji yarinya ce a asibiti sai ta yi salati, ta ce, "Wane marar imani ne ya ba ƙaramar yarinya abin da bai sani ba?"

"Tsinta ta yi," in ji Maman Takwara. Ƙarya ta uku ke nan.

"Allah ya ba ta lafiya. Ki gwada babban kantin nan na bakin titi, mai ƙofar gilashi. Su suke kawo tarkacen da ba mu sani ba."

Ta shiga bas, ta samu wuri a tsakanin wani mai buhun gawayi da wata ɗaliba, ledar a kan cinya. Wayarta ta yi ƙara, mai rigunan makaranta ce, ta ƙi ɗauka. A cikin cunkoso ta shirya maganar da za ta yi wa mijinta, ta rushe, ta sake shiryawa. Ba duka take tsoro ba, bai taɓa ɗaga mata hannu ba. Kallon take tsoro, da kuma abin da zai biyo baya in yarinyar ba ta tashi ba: a ce uwa ce da hannunta, saboda hannun riga. Sai kuma fuskar Tsoho ta faɗo mata. Mutumin da ranar da aka kawo ta gidan ya ce shi bai yi suruka ba, 'ya ya ƙara. Shi yake riƙe mata bakin yadi in tana awo, shi yake sa mata zare in idonta ya gaji, yana tsokanarta wai telan da ba ta gani. Kunya ta rufe ta har ta ji zufa na bin bayanta.

Sanyin kantin ya dake ta tun daga ƙofa. Ba ta taɓa shiga ba, kuma da silifas ɗin gida da zare maƙale a zani ta ji kowa ita yake kallo, alhali ba wanda ya kula. Ta bi layin madara, ta bi na sabulu, ta ɓulla inda aka jera kayan marmari a kan kanta mai fitila. Tana cikin neman ma'aikacin da za ta nuna wa ledar sai ta tsaya cak.

Ga su nan. Uku-uku a farantin roba, an lulluɓe da leda mai ƙyalli, an manna takarda. Ko girman na gidansu ba su kai ba, gefunansu ma sun fara baƙi. Ta zaro nata ta kara, ta duba kai, ta duba gindi, ta ƙirga gefuna. Shi ne, babu ko tantama. Ta sunkuya ta karanta takardar a hankali: karambola. Kuɗin da aka rubuta a ƙasa kuwa, sai da ta sake dubawa ko idonta ne.

Wata mata mai tura keken sayayya ta miƙo hannu ta gefenta ta ɗauki faranti biyu.

"Don Allah, baiwar Allah," in ji Maman Takwara, "wannan ana ci?"

Matar ta dube ta, ta dubi na hannunta. "Sosai ma. Yarana ba su da abin so kamarsa, saboda in an yanka tauraro yake fitowa. A ina kika samu wannan ƙato haka?"

"A gidanmu yake. Yara ƙanana ma suna ci?"

"Autata tun tana shekara biyu. Masu ciwon ƙoda ne dai likita ya ce kada su kusance shi. A gidanku, kika ce? Itacen gaba ɗaya? Kai, kun more. Ni da za ki sayar mini ai da na huta."

Maman Takwara ta dafa bakin kantar. Ba ta san dariya za ta yi ko kuka ba. Ta lalubo waya don ta kira asibiti, sai ga kiran Gwaggo ya riga ta.

"Ke, sakamako ya fito. Zazzaɓin cizon sauro ne, wai ya kwana biyu a jikinta. An sa mata allura, har ta buɗe ido ta nemi ruwa."

"Alhamdu lillahi. Gwaggo, ki gaya wa likita sunansa karambola, a kanti ma sayar da shi ake yi. Ci ake yi."

"Kara me?"

"Karambola. Ba ni Baban Takwara."

"Ai ba ya nan. Kina fita ya ce zai je gida ya dawo, wai akwai abin da zai gama da shi. Na kira shi in gaya masa, bai ɗauka ba."

Ba ta tambayi ko mene ne ba. Ta san mijinta: mutum ne da ba ya iya zama da tsoro, sai ya nemi abin da zai yi da hannunsa. Ta kira shi tana fita daga kantin, ta kira tana tsallaka titi, ta kira a cikin bas har ɗan kwandasta ya ce Hajiya ko dai mai wayar ya yi fushi ne. Tana ta ringi ba a ɗauka. Ya kwana biyu a jikinta, in ji likita. Wato ɗumin nan da ta ji da safe ta ce bari ta ƙarasa riga. Ta tsere wa laifi ɗaya ta faɗa wani, kuma duka biyun nata ne, ba na wani tsoho mai barci a kujera ba.

Tun daga bakin layinsu ta ga abin da ya canza, ko da yake sai da ta ɗan yi tafiya ta gane. Saman katangarsu ya yi fili. Koren da ke leƙowa ta can babu shi.

Itacen na kwance a tsakiyar lambu, kansa ya danne jeren tumatir. Kututturen ya rage iya gwiwa, fari fat, yana tsattsafo da ruwa. Maigidan na tsaye da gatarin maƙwabci, ya tuɓe rigar aiki ya rataye a katanga tare da wayar a aljihu, yana sassare rassa. Tsoho kuwa ya ja kujerarsa gefe, cikin rana, ya sa kwano a gabansa. Duk ɗan itacen da ya gangaro kusa da shi sai ya sunkuya ya ɗauka, ya goge da bakin riga, ya sa a kwano.

"Ya jikin nata?" Su biyun suka tambaya tare.

"Ta farka. Zazzaɓin sauro ne." Ta nuna kwanon. "Wannan kuma ci ake yi. Na gan shi a kanti, a cikin leda, da tsadarsa. Har wata ta ce in sayar mata."

Maigidan ya sauke gatarin a hankali har bakinsa ya taɓa ƙasa. Ya dubi kututturen, ya dubi rassan da ya tara, ya dubi ko'ina ban da inda mahaifinsa yake zaune.

"Alhamdu lillahi," in ji Tsoho. "Amaryata ta tashi, sauran duk mai sauƙi ne."

Maman Takwara ta ce bari ta ɗebo wa yarinya kayan sawa, ta shige ciki da sauri. Ba kayan ne suka kai ta ba. Ta durƙusa a gaban keken ɗinki ta leƙa ƙarƙashin tebur, inda ta tura farantin da safe. Har a wannan lokacin, Allah ya gani, niyyarta ta ɗauke shi kafin wani ya gani. Babu faranti, babu wuƙa. An goge aman da ke tsakar ɗaki, an tattara rigunan makaranta an ninke su a kan kujera, ninkin namiji, hannu ɗaya ciki ɗaya waje.

A kicin ta same su. An wanke farantin an kife shi a kan kwando, wuƙar na gefensa, har sun bushe.

Ta daɗe a tsaye. Yarinya 'yar shekara uku ba ta yanka abu da wuƙa, balle ta jera a faranti. Duk wanda ya ɗaga farantin nan ya ga ragowar taurarin, ya san hannun da ya yanka su. Tsoho kaɗai aka bari a gida, ya sani tun kafin ɗansa ya dawo da gatari. Kalma ɗaya ta isa ta tsayar da saran, ko ba ta tsayar ba ta raba laifin biyu, amma ya ja kujerarsa gefe ya zauna yana kallo.

"'Yata," Tsoho ya kira daga lambu. "In kin samu wuƙa a nan, taho da ita."

Ta ɗauko wuƙar, ta ɗauko farantin ma. Da ta fito maigidan ya tsuguna a gaban mahaifinsa, kansa a ƙasa, yana ta neman bakin magana.

"Baba, ni dai... abin da na faɗa ɗazu..."

"Tsoro ne ya faɗa, ba kai ba. Ni ma na haifa, na sani." Ya juyo wurin surukarsa. "Me kika ce sunansa?"

"Karambola, Baba."

"Karam... bola." Ya gwada shi a baki, ya yi 'yar dariya. "To ai kusan haka ta faɗa. Karambolo take cewa, muka yi ta yi mata dariya. Ashe ita ce da gaskiya, mu ne jahilan." Ya zaɓi mafi nuna a cikin kwanon ya miƙo mata. "Yanka mini in ji abin da ya hana ta mantuwa. Doka dai ta faɗi, ko, maigida?"

Sai a lokacin ta tuna bai taɓa ɗanɗanawa ba. Shekara da shekaru yana ba shi ruwa, ya ga furensa, ya tsince 'ya'yansa ya jera a katanga, bai kai ko ɗaya baki ba saboda ɗansa ya ce a jira. Ita kuwa da safen nan ta ci biyu a tsaye, tana sauri.

"Baba, ba ka da ciwon ƙoda dai ko? An ce masu shi ba sa ci."

"Gwiwa ce tawa, sai mantuwa. Yanka."

Ya ɗago ido ya dube ta, ya dubi farantin da ke hannunta, ya ɗan girgiza kai kaɗan yadda ɗansa ba zai gani ba. Ta gane sarai. Cewa yake ta bar shi, ya riga ya wuce, ya ɗauka kuma bai yi masa nauyi ba. Da ta karɓi wannan kyautar, da an tashi lafiya: maigidan zai nemi gafara, Tsoho zai yafe, Gwaggo za ta riƙa ba da labarin ranar da Baba ya yi barci jika ta ci abin da ba a sani ba, a yi dariya. Har Takwara ta girma haka za a riƙa faɗa.

Ta durƙusa a tsakaninsu ta ajiye farantin a ƙasa. Ta kwantar da ɗan itacen ta yanka, taurarin suna faɗowa ɗaya bayan ɗaya. Maigidan ya matso yana kallo.

"Ikon Allah," ya ce. "Ya aka yi kika san haka ake yanka shi?"

"A kanti aka nuna mata," in ji Tsoho da sauri.

Ta ɗauki na tsakiya, wanda ya fi kyau, ta sa wa Tsoho a tafin hannu. Sannan ta juyo ta fuskanci mijinta, wuƙar na hannunta har yanzu.

"Ba a kanti ba ne," ta ce. "Haka na yanka mata da safe, a wannan farantin."